Wa Ya Buɗe Kwamfutar Malam Mustapha?

Ranar da aka kira Ɗantani ɓarawo, matarsa Lauratu tana tsakar gida tana yi wa jaririyarta Zuhura wanka. Maƙwabciya ce ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ke Lauratu, kina nan ana can bakin tasha ana cin mutuncin maigidanki!"

Kafin ta goya yarinyar ta isa, mai afkuwa ta afku. Ɗan shagon cajin waya da Ɗantani yake ciyar da iyalinsa da shi ya cika da mutane, kowa yana zare wayarsa yana ɓalle bayanta ya ga ko batirinsa ne a ciki. Janareta na ta ruri ba abin da yake cajawa. Shi kuwa yana tsaye ya harɗe hannu a baya, kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

Mai ƙarar Malam Mustapha ne, wanda ke zagayen duba makarantun Islamiyya tsakanin Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma abin da ya ƙara wa maganar nauyi ke nan. Ya sayi kwamfutar cinya ta hannu a Shinkafi, ba ya rabuwa da ita ko masallaci za shi. Ya dawo daga Zurmi ba ta da caji, ya bar ta wurin Ɗantani, ya karɓa da la'asar. Da ya kunna sai ta haska, ta fara tashi, ta mutu. Ya kai wa wani mai gyara, aka ce a yi mata fomat a sake zuba mata komai daga faifai. Duk sanda aiki ya kai tsakiya sai ta ɗauke ɗif. Mai gyaran ya kifa ta, ya ga an kakkarce kan ƙusoshinta, an yage takardar da mai sayarwa ya liƙa. Ya ce, "Malam, an buɗe ta. An zare ram mai kyau, wato ƙwaƙwalwarta, an sa maka matacce."

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, kalmar ɓarawo ta daina zama zagin kasuwa. Mai unguwa Aliyu ne ya roƙi Malam ya dakata zuwa bayan Juma'a kafin ya kai wa alƙali, ya karɓi kwamfutar ya ajiye a zaurensa.

*

Lauratu 'yar Dogo ce mai bin sawu na Kurya Madaro, wanda a zamaninsa in aka kore maka shanu shi kake fara nema kafin hakimi. Tana ƙarama ta sha bin bayansa da goran ruwa. Kafin aure kuma ta yi ɗan karatun kwamfuta, har yanzu tana buga wa ɗalibai takardu a gida. Daga uban ta ɗauki abu guda: ba a fara tambayar wa ya yi, sai an tsuguna an ga abin da ƙasa ta nuna.

Washegari ta durƙusa a bakin zauren mai unguwa, idonta jawur, don Zuhura na haƙori ba ta bar ta ta runtsa ba.

"Baba, kallo kawai za ni yi. Ba ni buɗe ta."

Malam Mustapha ya gyara zama. "Matar wanda ake tuhuma ita ce mai duba shaida? Wanga wane irin adalci ne?"

"Gaban idonka za ta duba, Malam," in ji mai unguwa. "In ta haɗiye ta ai ka gani."

Ta danna maɓalli. Kwamfutar da ta kwana a sanyin zaure ta tashi lafiya, ta ɗan jima, har Malam ya miƙo wuya. Sai ta mutu. Ta sake kunnawa, wannan karon ba ta kai ko rabin ɗazu ba. Na uku kuwa haske kawai ta yi. Lauratu ta kara bayan hannunta a ramukan gefe inda iska ke fita, yadda take kara shi a hancin Zuhura in barcinta ya yi nauyi. Ba numfashi. Ta shafa cikin kwamfutar, ta janye hannu.

"Zazzaɓi gare ta, Baba. In ta huce tana tashi, in ta ɗau zafi ta faɗi. Mataccen ram ba ya jiran zafi. Malam, don Allah yaushe ka ga tana aiki na ƙarshe?"

"A Zurmi, kahin caji ya ƙare."

"Ke nan ba ka kunna ta ba ranar da ka kawo ta shago."

"Da mi zan kunna ta? Ki daina kewaye-kewaye, Malama. Lahiya lau na kawo ta."

Ta nemi a buɗe. Malam ya ce sam, sai gaban wanda ya sayar masa, don kada a ce da ma can haka take.

*

Zuciyar Lauratu ta riga ta kama mai sayarwar. Dillalin kayan hannu, in ji ta, zai sayar maka da gawa ya ce barci take. Da wannan zaton ta shiga motar Shinkafi ran kasuwa, an matse su kamar buhunan albasa, Zuhura na kuka tun daga fita gari har suka sauka.

Isah mai kayan Kwatano, wanda ya sayar wa Malam kwamfutar, saurayi ne mai baki kamar rediyo. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya dafe ƙirji.

"Ni? Hajiya, ki ji tsoron Allah! Wannan kwamfutar wuni guda ta yi kan teburin nan tana wa'azi, har maƙwabta sunka roƙe ni in kashe."

"Wa ya shaida abin da ke cikinta shi ne ka sayar?"

Ya jawo akwati ya ɗauko 'yar kwalbar jan farce. "Kin ga wannan? Ba ta budurwata ba ce. An taɓa canza mini kaya anka dawo da su an ce nawa ne. Tun ran nan duk abin da ya bar shagon ga sai na ɗiga mishi ja a ciki. In anka buɗe ba a ga ja ba, an yi sata. In an gani, a nemi wata magana."

Ta dube shi, ta ga ba tsoro a idonsa, sai haushin an taɓa sunansa. Mai ha'inci ba ya ɗokin a buɗe kaya. Ta ji zatonta ya zube, gajiyar hanya ta sauko mata a kafaɗu gaba ɗaya.

"Za ka zo Kaura?"

"Ko a ƙafa ne. Ki ba yarinyar nan ruwa, Hajiya, kukanta ya fi na kwastomomina."

*

Isah ya zo da sukurdirebansa a aljihu. Da ya ga ƙusoshin sai ya yi tsaki. "Wanda ya kwance wannan bai san sukurdireba ba. Ya yi musu kaca-kaca."

Lauratu ta lura da wata ƙusa da ta ƙi kamuwa. Wani ɗan abu ne ya maƙale a tsagar kanta. Ta zare allurar mayafinta ta tsokalo shi: ɗan tsinin ƙarfe, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ƙulle shi a bakin zani, ba wanda ya kula.

Aka ɗaga ƙaramin murfi. Ga ram, ga ɗigon ja a jikinsa.

"Nawa ne!" in ji Isah. "Ba a taɓa shi ba."

Ɗantani ya sauke numfashi, ya ɗaga hannu sama. Da Lauratu ta yi shiru a nan, da wataƙila an watse. Amma zazzaɓin bai bar ranta ba, kuma ta san muddin kwamfutar ba ta tashi ba, gobe wani zai ce wani abin daban aka sace.

"A buɗe babban murfin, wajen fanka," in ji ta.

Isah ya kwance ya ɗaga, sai ya ja da baya yana salati. Wata 'yar laya ce siririya, an ɗinke ta da jar fata, an cusa ta har ta danne fuka-fukan fankar.

Zauren ya kaure. Malam Mustapha ya miƙe tsaye. Duk Kaura an san shi da wa'azi a kan layu.

"Sihiri! Ashe sata ma da sauƙi! Ɗantani, mi na yi maka? Wa ya aiko ka?"

"Wallahi Malam ban taɓa ganinta ba."

"A hannunka ta wuni!"

Wani daga waje ya ce da ma ya yi mamakin yadda shagon ke cika. Wani ya ce a duba wayoyi. Lauratu ta zauna dirshan a ƙasa. Da hannunta ta tono wa mijinta ramin da ya fi na farko zurfi.

Da aka watse ta roƙi mai unguwa aron layar. Ya tura mata ita da bakin sanda. "Ɗauki, ɗiyata. Ni ma ba ni son ta kwana gidana. Amma bayan Juma'a ba ni da sauran bakin roƙo."

A gida Ɗantani ya ƙi cin tuwo. Ya daina fita ko sallah, a ɗaki yake yi. "Ki bari hakanan," ya ce. "Kin rame. In je in rantse da Alƙur'ani, Allah ya san gaskiya."

"Allah ya sani, mutanen tasha ba su sani ba. Ko alƙali ya sake ka, wa zai sake ba ka wayarsa?"

*

Dukawan Kaura suka juya layar suka ce ba ɗinkinsu ba ne. Wannan kitson zare na gefe, in ji su, hannun Ɗanbaba ne na Zurmi.

Ta same shi a rumfarsa yana yanka fata, tsoho mai tabarau ɗaure da zare. Kallo ɗaya ya yi wa layar ya mayar da kai ga aikinsa.

"Ni na ɗinka. Kada ki tambaye ni mai ita. Baduku da ungozoma sana'arsu ɗaya, abin da sunka gani ba su hwaɗi."

"Baba, za a kai uban yarinyar nan gaban alƙali a kanta. An ce sammu ya yi wa mutum."

"Sammu?" Ya ajiye wuƙa. "Wane jahili ya ce haka? Mai sammu ba ya zuwa rumfa da rana tsaka ya zaɓi fata mai kyau. Wannan ta tsarin hanya ce, irin wadda ake ba matafiyi. Abin da ya ba ni mamaki, an ce in yi ta siririya, kuma kada in yi mata hancin zura igiya. Na ce to ina za a rataya ta? Anka ce ba ruwana."

Ya ƙi ƙara ko kalma. Lauratu ta koma gindin wata bishiyar bedi ta ba Zuhura nono, tana juya maganar. Tun farko maƙiyin Malam take nema. Ashe sawun na masoyi ne. Wa ke tsoron hanya a kan Malam Mustapha, ya kuma san ba zai taɓa yarda ya ɗaura laya ba? A Zurmi caji ya ƙare. A Zurmi kwamfutar ta kwana.

Ta tambayi inda Malam ke kwana in ya zo Zurmi, aka nuna mata gidan mahaifiyarsa.

*

Gwaggo Tani 'yar tsohuwa ce mai fara'a. Ba ta tambayi baƙuwar daga ina ba sai da ta ba ta ruwa da fura, ta karɓi Zuhura ta ɗora a cinya tana mata wasa. Gefenta akwai faifai da kuɓewar da take yankawa, da 'yar wuƙa mai ƙotar icce, ta sha washi har ta siranta. Tsininta a karye yake.

Lauratu ta daɗe tana kallon wuƙar. Ta so a ce ba haka ba ne. Ta kwance bakin zaninta, ta ɗauki wuƙar, ta kara ɗan ƙarfen a bakinta. Ya zauna daram.

"Gwaggo, ni ce matar mai cajin waya na Kaura."

Hannun tsohuwar ya tsaya a bayan jaririyar. Kaza ta zo ta tsattsagi kuɓewa, ba wanda ya kore ta.

"Watan jiya," in ji Gwaggo Tani a hankali, "'yan fashi sunka tare motarsu bayan Moriki. Direba bai kai gida ba. Shi wancan," ba ta kama sunan ɗan farinta, "ya shigo mini da jinin wani a riga, yana cewa Inna ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce. Amma ni na haife shi. Na ba shi ya ɗaura a damtse, ya yi mini wa'azi har shayina ya huce. Na ɗinka a hula, ya gane, ya ƙone hular. Sai na duba mi ne ba ya rabuwa da shi. Ya tahi sallar asuba, na kwance cikin abin nan, na ga wani ɗan gurbi kamar don ita anka yi shi."

"Gurbin numfashinta ne, Gwaggo. Kin ji abin da ya faru da maigidana?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Na ji. Na ce mai gaskiya ne, in ya rantse za a sake shi. Ɗiyata, in wancan ya san ni ce, da wane ido zai hau mumbari? Uwar mai wa'azi da laya?"

Lauratu ta ji tausayi ya taso mata, ta danne shi. Ita ma ranar da Zuhura ta yi zafin jiki har ta sanƙare, ba abin da ba ta yi tunanin yi ba.

"Ki dubi wadda ke cinyarki. Ke kin tsare naki ɗan, ita za ta tashi ana ce mata ɗiyar matsafi. Gobe bayan la'asar za a taru zauren mai unguwa. In kin zo, ki faɗa da bakinki yadda kike so. In ba ki zo ba, ni zan faɗa da nawa. Ba ni so, Allah ya sani, amma zan faɗa."

Ta karɓi 'yarta, ta ƙulle ɗan ƙarfen, ta yi godiyar fura.

*

Bayan la'asar ɗin Juma'a zaure ya cika har waje. Ga Isah, ga mai gyaran da ya fara cewa an yi sata, ga Ɗantani a rakuɓe jikin bango, ga Malam Mustapha da takalmansa a kusa, alamar ba zama ya zo yi ba.

Lauratu ta ce a fara da kwamfutar. Isah ya hure fankar, ya mayar da murfi, mai gyara ya sa faifansa. Da aka kunna sai aka ji wani siririn sauti, iska mai ɗumi ta fara fita ta gefe. Aiki ya kama tafiya, ya iso inda ya saba mutuwa, ya wuce. Mai gyaran ya sosa ƙeya ya ce shi ma da ya kara hannu da ya ji.

"Ba a saci komai ba," in ji Lauratu. "Fanka aka toshe, zafi ke kashe ta."

"Wannan mun gani," in ji Malam. "Wa ya sa layar? Shi nake son ji."

Ta dubi ƙofa. Ba kowa sai 'yan kallo. Ta ce a bari aikin ya ƙarasa tukuna. Aka zauna ana kallon allo har ya gama, kwamfuta ta tashi tsaf. Ta sake duban ƙofa. Mai unguwa ya yi gyaran murya. Lauratu ta kai hannu bakin zaninta, ta fara kwance ƙullin.

"Salamu alaikum. Ku ba ni hanya, 'yan nan."

Malam Mustapha ya zabura. "Inna? Mi ya kawo ki? Wa ya rako ki?"

Gwaggo Tani ba ta dube shi ba. Ta durƙusa da ƙyar gaban mai unguwa, ta zaro 'yar wuƙarta daga cikin mayafi ta ajiye a tabarma.

"Da wannan na kwance ta. Ni na sa. Yaron ga mai caji bai san hawa ba bai san sauka ba." Ta juya wajen Ɗantani. "Ɗana, na ji abin da anka yi maka na yi shiru. Wannan ya fi layar muni. Ka yahe mini."

Ɗantani ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Malam Mustapha ya taka ya tsuguna gaban Ɗantani.

"Na zalunce ka. Na yi maka ƙazafi har sau biyu. Ka yi mini abin da ka ga dama."

"Ya wuce, Malam," in ji Ɗantani da muryar da ta dishe. "Allah ya yafe mu baki ɗaya."

Mai unguwa ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

"Baba, a gafarce ni, bai wuce ba." Kowa ya juyo ga Lauratu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da sauran ƙarfin haka. "A zaure aka yafe, amma a bakin tasha aka kira shi ɓarawo. Waɗanda suka zare wayoyinsu ba su nan."

"Mi kike so a yi?" in ji Malam, kansa a ƙasa.

"Ba sai an ambaci Gwaggo ba. Cajin kwamfutarka ya kusa ƙarewa. Ka san inda ake caji."

Malam Mustapha ya rufe kwamfutar, ya rungume ta a ƙirji ba tare da ya sa ta a jaka ba. Ya ce wa Ɗantani, "Tashi ka buɗe shago." Suka fita tare, jama'a na darewa, suka bi ta tsakiyar tasha a lokacin da motocin Gusau ke sauke fasinja. Lauratu ta biyo su daga nesa da goyonta. Ta ga mijinta ya ja igiyar janareta, ta ga Malam ya miƙa masa kwamfutar da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda har masu shayi suka ji:

"Ga amanata, Ɗantani. Ta kwana wurinka, sai gobe in zo."

Wani ɗan acaba da ke gefe ya ɗan yi jim, ya laluba aljihu, ya miƙo wayarsa.

Lauratu ba ta ƙarasa shagon ba. Ta juya ta nufi gida, ta shimfiɗa Zuhura a tabarma, ta kwanta gefenta da mayafinta a jiki, ko takalmi ba ta cire ba.